Ajiye Ɗan Tayi a Bututun Ƙwai ga Matan da Dashe Ya Sha Ƙin Kamawa: Nazarin Hujjojin da Ke Ƙasa

Tsakure

Wannan takarda ta duba dabarun ajiye ɗan tayi a cikin bututun ƙwai maimakon mahaifa, musamman ZIFT da TET, ga matan da aka yi wa dashen IVF sau da yawa amma ciki bai kama ba. Ta bi asalin dabarar tun daga 1984, ta auna binciken da masu goyon bayanta ke dogara da shi, sannan ta kafa hujjar cewa fifikon da aka taɓa gani ya samo asali ne daga raunin ɗakunan gwaje-gwaje na wancan zamani da kuma yadda aka tsara binciken. Takardar ta kuma nuna 'yar kafar da ta rage wa dabarar a yau, da dalilin da ya sa kafar ta ƙara ƙuntata a yankinmu.

Gabatarwa



A fagen maganin rashin haihuwa, babu ma'auratan da ke tsaya wa likita a rai kamar waɗanda aka yi musu komai bisa ƙa'ida amma ciki ya ƙi zama. An ba mace allurai, ƙwai sun nuna, an ciro su, sun haɗu da maniyyin mijinta, 'yan tayin sun fito da kyau a ƙarƙashin madubin likita, an mayar da su mahaifa ba tare da tangarɗa ba. Bayan mako biyu gwajin jini ya nuna babu komai. Aka sake, aka kuma sakewa. Daga nan tambayar da ke biyo baya guda ɗaya ce a ko'ina cikin duniya: likita, babu wani abu dabam da za a gwada?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma nauyinta ne ke sa likita ya miƙa hannu ga duk abin da ke da alamar taimako. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka miƙa wa hannu tun shekarun 1990 shi ne sauya wurin da ake ajiye ɗan tayi: a bar mahaifa, a kai shi bututun ƙwai, inda Allah Ya tsara rayuwarsa ta fara. Tunanin yana da ma'ana, ba na raina shi. Abin da nake so mu auna tare shi ne ko hujjar da ke ƙasa ta kai a yi wa mace tiyata dominsa.

Abin da bututu ke yi wa ɗan tayi

Bututun ƙwai bai wuce tsawon santimita 10 zuwa 12 ba, amma aikinsa ya fi na hanya kawai. Bakinsa mai kama da yatsu shi ke ɗauko ƙwai. A faffaɗan sashensa na waje ƙwai da maniyyi ke haɗuwa. Ƙananan gasu masu kaɗawa da motsin tsokar bangonsa su ke tura haɗaɗɗen ƙwan a hankali zuwa ga ƙuntataccen sashen da ke manne da mahaifa. Aikin Horacio Croxatto da abokansa a ƙasar Chile ya nuna cewa tafiyar tana ɗaukar kimanin awa 80 a jikin mace, kuma mafi yawan wannan lokaci a faffaɗan sashen ake cinye shi. Ke nan ɗan tayi ba ya shiga mahaifa sai rana ta uku zuwa ta huɗu, bayan ya rarrabu ya zama dunƙule. Kamawarsa a jikin shimfiɗar mahaifa kuwa sai daga baya. Binciken Wilcox na 1999 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari na cikin da ya ɗore ya kama ne a rana ta 8 zuwa ta 10 bayan fitar ƙwai.

Ruwan da ke cikin bututu ma ba irin na mahaifa ba ne. David Gardner da abokansa sun auna shi a 1996, suka ga cewa a tsakiyar wata sukarin gulukos yana da ƙaranci a bututu, sinadaran fayirubet da laktet kuma suna da yawa, a mahaifa kuwa gulukos ya fi yawa. Wannan ya dace da buƙatar ɗan tayi, domin a kwanakinsa na farko fayirubet yake ci, sai ya girma yake komawa ga gulukos. Iskar oksijin ma ba ta kai ta sararin ɗaki ba, wadda ke kusan kashi 20 cikin ɗari.

Idan muka tuna da haka, za mu gane damuwar likitocin shekarun 1980. Bayan haihuwar Louise Brown a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, al'adar da aka bi ita ce a reni ɗan tayi kwana biyu a cikin ruwan da ba a tsara shi musamman don ɗan tayin mutum ba, a cikin na'urar reno mai yawan oksijin, sannan a tura shi mahaifa kwana ɗaya ko biyu kafin lokacin da zai isa can da kansa. Yawan cikin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Duk mai hankali a lokacin zai ce gara a rage zaman ɗan tayi a hannun mutum, a bar bututu ya yi renon.

Yadda dabarun suka ɓullo

A 1984 Ricardo Asch da abokan aikinsa a San Antonio ta jihar Texas a Amurka suka ba da rahoton ciki ta hanyar GIFT. A wannan dabara ƙwai da maniyyi ake zubawa tare a cikin bututu, su haɗu a can. Illarta ita ce likita ba ya ganin ko sun haɗu ɗin. Idan ciki bai samu ba, babu wanda ya san inda aka tsaya. Wannan giɓi ne Paul Devroey da abokansa a Brussels ta Beljiyam suka toshe a 1986 da ZIFT: a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje, bayan awa 16 zuwa 18 a duba a tabbatar an ga cibiyoyi biyu, ta uwa da ta uba, sannan washegarin ranar ciro ƙwai a ajiye haɗaɗɗen ƙwan a bututu. John Yovich a Perth ta Ostareliya ya yi irin wannan da sunan PROST. Idan aka jira ƙwan ya rarrabu zuwa ƙwayoyi biyu, huɗu ko takwas kafin a ajiye shi, sai a kira shi TET.

Duka waɗannan da tiyatar leƙen ciki ake yinsu, wato lafaroskofi. Ana sa mace barci, a hura mata iskar kabon dayoksaid a ciki, a shigar da madubi ta cibiya, a kamo bakin bututu a hankali, a zura siririyar roba kimanin santimita 3 zuwa 4, a saki 'yan tayin cikin ɗan ruwa kaɗan. An nemi hanyar kauce wa tiyata. Robert Jansen da John Anderson a Sydney sun nuna a 1987 cewa ana iya bi ta bakin mahaifa a shiga bututu daga ciki, a 1988 kuma suka ba da rahoton ajiye ɗan tayi ta haka. Sai dai hanyar ba ta ba da sakamakon da ya kai na lafaroskofi ba, ba ta kuma bazu ba.

Hujjojin masu goyon baya uku ne. Bututu ya fi kwanon ɗakin gwaje-gwaje iya reno. Ɗan tayi zai isa mahaifa a lokacinsa, bayan motsinta ya lafa. Kuma ba za a taɓa bakin mahaifa da shimfiɗarta da roba ba, balle a jawo jini ko a shigar da ƙwayoyin cuta. Hujja ta biyu ta sami ƙarfi a 1998, lokacin da Renato Fanchin da abokansa a Clamart ta Faransa suka ƙirga motsin mahaifa ta hoton sikanin a ranar dashe. Matan da mahaifarsu ke motsi sau uku ko ƙasa da haka a minti sun sami ciki kashi 53 cikin ɗari. Waɗanda tasu ke motsi fiye da sau biyar, kashi 14 kacal.

Binciken da ake dogara da shi

Kusan duk wanda ya rubuta wani abu kan ZIFT ga matan da dashe ya sha ƙin kamawa, sai ya koma ga takardu biyu na David Levran da abokansa a Isra'ila. Saboda haka ya kamata mu tsaya a kansu.

A ta farko, ta 1998, an ɗauki mata 70 da aka yi wa dashe aƙalla sau uku bai kama ba, aka yi musu ZIFT, aka kwatanta su da wasu 70 masu irin tarihinsu da aka sake yi wa dashe a mahaifa. Mata 24 suka sami ciki a rukunin ZIFT, wato kashi 34.2 cikin ɗari, 12 kuma a ɗaya rukunin, kashi 17.1. Ninki biyu ke nan, kuma duk likitan da ke da irin waɗannan mata a gabansa dole ya kasa kunne. Amma a dubi adadin 'yan tayin da aka yi amfani da su: 333 a rukunin ZIFT, 289 a ɗayan. Idan aka raba, kowace mace a rukunin ZIFT ta karɓi kusan biyar. A cikin 333 ɗin nan, 29 ne suka kama, kashi 8.7 cikin ɗari. Wannan adadi shi ne ya fi ba ni labari. A yau, a ɗakin gwaje-gwaje mai inganci, ɗan tayi guda na kwana biyar daga mace mai ƙarancin shekaru yana da damar kamawa da ta ninka wannan sau da yawa. Abin da ya yi fice a 1998 ya yi fice ne a kan ma'aunin da ya riga ya shuɗe. Sannan ba da ƙuri'a aka raba matan ba, don haka ba mu da tabbacin cewa rukunan biyu daidai suke ta fuskokin da ba a auna ba.

Takarda ta biyu, ta 2002, ta kwatanta ZIFT da renon ɗan tayi har kwana biyar kafin dashe a mahaifa. Mata 32 ne a kowane rukuni. An sami ciki kashi 40.6 cikin ɗari a rukunin ZIFT, kashi 3.1 a ɗayan, wato mata 13 da mace ɗaya. Ana yawan kawo wannan a matsayin nasarar bututu. Ni kuwa idona a kan mace ɗayan nan yake. Ciki ɗaya cikin 32 ba sakamakon da aka saba gani ba ne a dashen kwana biyar, ko da a tsakanin matan da suka sha wahala. Abin da ya nuna shi ne 'yan tayin waɗannan mata ba su jure dogon zama a ruwan reno na wancan lokaci ba. Binciken ya tabbatar da cewa bututu ya fi ɗakin gwaje-gwajen farkon shekarun 2000 ga waɗannan mata. Bai ce komai ba a kan ɗakin gwaje-gwajen yau.

A tsakanin takardun biyu, a 2001, Habana da Palter na Jami'ar Yale suka tattara gwaje-gwaje shida da aka raba mata da ƙuri'a, zagaye 548 gaba ɗaya. An sami ciki kashi 36.5 cikin ɗari a bututu, kashi 31.4 a mahaifa, bambancin da bai wuce abin da sa'a kaɗai ke iya haifarwa ba. Abin lura shi ne, da suka duba kundin bayanan asibitocin Amurka, a can ZIFT ta fi IVF sakamako. Dalilin saɓanin a bayyane yake. Ba a yi wa mace ZIFT sai tana da lafiyayyen bututu aƙalla guda. Duk mai toshewar bututu ko mai bututun da ya cika da ruwa, wanda aka san yana rage damar kamawa da kusan rabi, a rukunin IVF take faɗawa. Kundin ya kwatanta mata masu sauƙin matsala da masu tsananinta. Ƙuri'a ce kaɗai ke share irin wannan son kai na lissafi, kuma da ta share shi sai fifikon ya ɓace. Gaskiya ne waɗannan gwaje-gwaje shida ba a kan matan da dashe ya sha ƙin kamawa aka yi su ba. To amma a 2005 Aslan da abokansa, su ma daga Isra'ila, sun kwatanta hanyoyin biyu a kan irin waɗannan matan kansu, ba su ga wani fifiko ga ZIFT ba.

Mun taɓa ganin irin wannan labari. A 2003 Barash da abokansa suka ba da rahoton cewa ɗan karce shimfiɗar mahaifa kafin dashe yana ninka yawan ciki ga matan da suka sha gazawa. Dabarar ta bazu a duniya. A 2019 Sarah Lensen da abokanta suka buga gwajin ƙuri'a na mata 1,364, aka sami haihuwa kashi 26.1 cikin ɗari a rukunin da aka karce, kashi 26.1 a wanda ba a karce ba. Haka gwajin TROPHY na 2016 ya nuna cewa leƙa cikin mahaifa da madubi kafin sake dashe, ga matan da hoton sikanin bai nuna musu matsala ba, bai ƙara yawan haihuwa ba: kashi 29 cikin ɗari a kowane rukuni. Bambancin ZIFT da waɗannan shi ne ita ba a taɓa yi mata babban gwaji irin wannan ba, aka yi ta barinta a hankali. A Amurka GIFT da ZIFT sun daɗe da sauka ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na dukkan zagayen da ake yi.

Wace ce ma dashe ya sha ƙin kama mata?

Akwai matsalar da ta fi ta tsarin bincike zurfi, ita ce ma'anar cutar kanta. Coughlan da abokansa a 2014 sun ce mace 'yar ƙasa da shekara 40 ce da aka dasa wa kyawawan 'yan tayi aƙalla huɗu a zagaye aƙalla uku ba ta sami ciki ba. Ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, a 2023 ta sauya salo, ta ce a lissafa damar da ta taru wa wannan mace bisa shekarunta da irin 'yan tayinta, idan ta haura kashi 60 cikin ɗari ba a ga ciki ba, sai a fara bincike.

Ga dalilin da ya sa ma'anar ke da muhimmanci. A ɗauka damar kowane dashe kashi 30 ce cikin ɗari. A cikin mata ɗari da babu abin da ke damun mahaifarsu, kimanin 34 za su gaza sau uku a jere saboda sa'a kawai. Idan aka yi musu dashe na huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku za su sami ciki, ko an sauya musu wani abu ko ba a sauya ba. Duk sabon abin da aka yi a wannan zagaye na huɗu shi zai kwashi yabo.

Paul Pirtea da abokansa sun nuna girman wannan a 2021. Sun bi mata 4,429 da aka dasa wa ɗan tayi ɗaya-ɗaya, daskararre, wanda aka tantance cewa adadin kuromosom ɗinsa daidai yake. A dashe na farko kashi 69.9 cikin ɗari suka kama, a na biyu 59.8, a na uku 60.3. Jimillar dashe uku ta kai kashi 95.2. Wato idan ɗan tayi lafiyayye ne, matan da ciki ke ƙin kama musu da gaske ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mafi yawan abin da muke kira ƙin kamawa matsalar iri ce, ba ta gona ba. Kuskuren kuromosom yana ƙaruwa da shekarun mace: binciken Franasiak na 2014 a kan samfuri 15,169 ya nuna ya fi ƙaranci tsakanin shekara 26 zuwa 30, ya haura rabi a kusa da shekara 40. Ɗan tayin da ke da kuromosom fiye da ƙima ko ƙasa da ita, babu bututun da zai gyara shi.

A nan ZIFT ke cin karo da alƙiblar da fannin ya fuskanta gaba ɗaya. A rana ta farko ba a iya bambanta haɗaɗɗen ƙwan da zai rayu da wanda zai tsaya a rana ta uku. Tunda ba a iya zaɓe, sai a zuba da yawa, kuma tunda an yi tiyata, babu mai son a fita da guda ɗaya. Sakamakon shi ne tagwaye da 'yan uku, da haihuwar bakwaini da hawan jinin mai ciki da ke biye da su. Alhali kuwa ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya kwaikwayi bututu gwargwadon iko. Patrick Quinn ya haɗa ruwan reno bisa sinadaran ruwan bututu tun 1985, Gardner ya kawo ruwa mai hawa biyu a ƙarshen shekarun 1990, an sauke oksijin zuwa kashi 5 cikin ɗari, daskarewar gaggawa irin ta Kuwayama ta ba da damar a ajiye ɗan tayi a dasa shi a watan da allurai ba su tayar da mahaifa ba. Dashen kwana biyar ya magance batun lokaci, domin motsin mahaifa ya lafa a lokacin. Roba mai laushi da jagorancin sikanin sun rage raunin bakin mahaifa. Hujjoji ukun nan duk an amsa su ta hanyar da ba ta buƙatar wuƙa.

Kuɗin da jiki ke biya

Mace mai ZIFT tana shiga aiki biyu a kwana biyu a jere: ciro ƙwai yau, lafaroskofi gobe, a daidai lokacin da ma'ajiyar ƙwanta ke kumbure tana saurin zubar da jini. Ga haɗarin maganin barci, ga na raunata hanji ko jijiyar jini, wanda ko da ba kasafai yake faruwa ba, babu shi sam a dashen da ake yi ta bakin mahaifa cikin 'yan mintoci mace na farke. Sai batun ciki a wajen mahaifa. Tattarawar Habana da Palter ta nuna alamar ƙaruwarsa idan an ajiye ɗan tayi a bututu. Bututu na iya zama a buɗe a hoton HSG, wato hoton da ake ɗauka don duba toshewar bututu, alhali gasun cikinsa sun lalace, kuma irin wannan bututun ne ke riƙe ɗan tayi ya hana shi wucewa.

Inda batun ya shafe mu

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi shafar yankinmu. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da Cates da Farley da Rowe suka buga a 1985 ya gano cewa fiye da kashi 85 cikin ɗari na matan Afirka da aka duba saboda rashin haihuwa, matsalarsu tana da alaƙa da kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma toshewar bututu biyu ta ninka ta sauran yankuna. Binciken ya tsufa, amma masu aiki a asibitocinmu sun san musabbaban ba su tafi ba: ciwon sanyi da ba a yi masa cikakken magani ba, zazzaɓin bayan haihuwa ko bayan ɓari, tarin fuka da ya sauka ƙugu, da tsargiya a garuruwan bakin ruwa. IVF ta samo asali ne don a tsallake bututu. Tun daga aikin Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie a Legas a shekarun 1980, zuwa jaririyar da aka haifa a Abuja a 1998 ta hannun Ibrahim Wada, mafi yawan amfanin da ta yi mana ta wannan fuska ne. Dabarar da ta jingina da lafiyar bututu ba ta dace da yawancin matan da ke zuwa mana ba.

A ƙara da nisa. Matar da aka yi wa aiki a Abuja ko Kano, ta koma garinsu mai tafiyar awa biyar, idan bututu ya fashe mata da dare a inda babu ajiyar jini, rayuwarta ce a kan layi. A ƙara da kuɗi. Ma'aurata daga aljihunsu suke biyan IVF, miliyoyin naira a zagaye guda, wasu sai sun sayar da fili ko shanu. Kuɗin ɗakin tiyata da likitan barci da kwanciya zai iya biyan daskarar da 'yan tayi da sake dashe, wanda amfaninsa tabbatacce ne.

Akan tambaye mu hukuncin addini, don haka in taɓa shi a taƙaice. Fatawar Sheikh Jadul Haƙƙ ta 1980 a Masar da matsayar Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Amman a 1986 sun halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar mata, muddin auren na nan kuma babu hannun mutum na uku. ZIFT ba ta ƙara komai a kan wannan ba, ba ta rage ba. Ga mabiya ɗariƙar Katolika, takardar Donum Vitae ta 1987 ta ƙi haɗawar da ake yi a waje, kuma ZIFT a waje take haɗawa. GIFT ce kaɗai wasu malamansu suka yi sassauci a kanta. Ke nan babu wanda zai zaɓi ZIFT a kan IVF don dalilin addini.

'Yar kafar da ta rage

Ban ce a manta da dabarar ba. Akwai matar da matsalarta hanya ce: bakin mahaifa ya tsuke ko ya karkace bayan an yanke wani sashensa saboda alamun sankara, ko an haife ta da shi haka, ko ya yi tabo bayan doguwar naƙuda. Kowane dashe sai an yi ta fama, a ga jini a jikin roba, wani lokaci a kasa shiga gaba ɗaya. Wannan mace ba ta sami dashe na gaskiya ba tukuna, ko da takardarta ta ce an yi sau huɗu. A fara da gyaran hanyar da madubi da buɗa ta kafin zagaye na gaba. Idan ya ƙi, akwai hanyar Towako da Kato ya bayyana a Japan a 1993, inda ake huda bangon mahaifa da allura ta farji a ƙarƙashin sikanin. Idan wannan ma bai yiwu ba, ga bututu lafiyayye da aka gani da ido, babu tarihin ciki a wajen mahaifa, a nan ajiye ɗan tayi a bututu yana da hujja. Ko a nan ma, ɗaya ko biyu za a ajiye, a daskarar da sauran, a kuma tabbatar mace za ta zauna kusa da asibiti har a ga jakar ciki a cikin mahaifa a mako na shida.

Ga sauran matan, aikin da ke gabanmu shi ne wanda muka sani: a duba ko akwai bututu mai ruwa a cire shi, kamar yadda gwajin Strandell na 1999 ya nuna amfaninsa, ko a ɗaure, a duba ƙari ko tsiro da ya shiga kogon mahaifa, a duba kaurin shimfiɗa, a sake duba maniyyi, a kuma duba ɗakin gwaje-gwajenmu da kanmu, wutarsa da iskarsa da zafin na'urorinsa, kafin mu ɗora laifi a kan jikin mace.

Wanda ya yi imani cewa bututu na da sauran abin bayarwa, hanyar tabbatarwa a buɗe take, sai dai tana da tsada. Don a gano ƙarin haihuwa daga kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari da tabbacin da aka saba nema, ana buƙatar mata kimanin 330 a kowane rukuni, a raba su da ƙuri'a, a ba kowace adadin 'yan tayi iri ɗaya, a ƙirga jariran da aka haifa da rai maimakon gwajin jini. Wannan ya ninka rukunan binciken 2002 sau goma, kuma da wuya cibiya guda a nahiyar Afirka ta iya tara su ita kaɗai. Kafin a kai ga haka, ina roƙon duk cibiyar da ta yi ko da aiki ɗaya irin wannan ta rubuta dalilin yinsa da adadin 'yan tayin da ta ajiye da inda cikin ya zauna da yadda ya ƙare, ta aika wa kundin ANARA da ke tattara bayanan cibiyoyin haihuwa na Afirka, ta kuma sanar da ma'auratan a rubuce, da harshen da suke ji, cewa ba a tabbatar dabarar ta fi sake dashe a mahaifa ba.